Ƙari a jikin jariri: yaya ake gane na daji da wanda ba na daji ba?

"Assalamu alaikum likita. 'Yata tana da wata uku, bakwaini ce. Da aka haife ta babu komai a fuskarta. Bayan suna da 'yan kwanaki muka ga ɗan jan ɗigo a ƙasan idonta na hagu, muka ɗauka cizon sauro ne. Yanzu ya taso ya yi tudu, kuma kullum ƙaruwa yake yi. Ba ta kuka idan an taɓa, tana shan nono lafiya. Kakarta ta ce a kira wanzami ya fitar da mataccen jinin, wata maƙwabciya kuma ta ce daji ne, kada mu kuskura mu kai ta asibiti a yi mata allura. Don Allah yaya ake gane ƙari na daji da wanda ba shi ba a jikin jariri?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya ta, ya ba ta lafiya.

Tambayarki gida biyu ce: mene ne wannan abu da ke fuskar 'yarki, sannan ta yaya ake bambance ƙarin da zai iya kashe jariri da wanda ba zai yi ba. Zan fara da ta farko domin ita ce mai gaggawa. Yadda kika kwatanta shi, wato babu shi ranar haihuwa, ya ɓullo a sati na biyu, ja ne, yana girma da sauri, ba ya ciwo, yarinyar kuma mace ce bakwaini, duk sun yi daidai da wani ƙari na ƙananan jijiyoyin jini da muke kira hemanjiyoma. Shi ba daji ba ne. Sai dai ban ga yarinyar ba, ban taɓa wurin da hannuna ba, kuma babu likitan kirki da zai yanke hukunci a kan ƙari daga nesa. Abin da zan faɗa miki ba tare da shakka ba shi ne ki kai ta wurin likitan yara cikin wannan satin, saboda kusancin abin da ido, kuma kada aska ta taɓa shi.

A gaya wa kaka cikin ladabi cewa abin da ke ciki ba mataccen jini ba ne. Dunƙulen jijiyoyi ne masu rai, jini na gudana a cikinsu dare da rana. Jaririn da nauyinsa ya kai kilo 4, duk jinin jikinsa bai wuce mililita 350 ba, bai ma cika ledar fiya-wata ɗaya ba. Na taɓa karɓar wani yaro da aka yi wa tsaga a kan irin wannan ƙari a kafaɗa. An zo da shi an ɗaure wurin da zanin goyo, zanin ya jiƙe sharkaf, tafin hannunsa da leɓensa sun yi fari fat, kukan ma ba ya fita. Sai da aka ƙara masa jini. Ƙarin da aka so a raba shi da shi, da an ƙyale shi da kansa zai baje.

Me ya sa jarirai suka fita daban

Kowane irin ƙari tarin ƙwayoyin halitta ne da suka ci gaba da hayayyafa bayan lokacin da ya kamata su tsaya. Wanda ba na daji ba yana zaune a inda ya tsiro. Yana iya girma har ya danne abin da ke kusa da shi, amma ba ya cin naman da ke kewaye da shi, ba ya bin jini ya je hanta ko huhu ko ƙashi, kuma idan an cire shi gaba ɗaya da wuya ya dawo. Na daji kuwa kutsawa yake yi, yana bin jijiyoyi yana yin sabon gida a wasu sassan jiki.

A wurin manya muna da 'yan ƙa'idoji da suke aiki mafi yawan lokaci. Ƙarin da ke girma da sauri abin tsoro ne. Wanda ya bazu ba ya komawa da kansa. Wanda aka tabbatar yau ba daji ba ne, galibi haka zai zauna. A jarirai ukun nan duk suna karyewa. Hemanjiyoma yana ninka girmansa cikin 'yan makonni, amma ba daji ba ne. Akwai wani nau'in daji na jarirai da yake bazuwa har hanta da fata, sannan ya watse ba tare da magani ba. Akwai kuma ƙarin da ake haihuwar jariri da shi lafiyayye, idan aka yi jinkirin cire shi ya rikiɗe ya zama daji.

Dalilin haka yana cikin asalinsu. Dajin manya galibi lahani ne da ya taru shekara da shekaru, daga taba, ko ƙwayar cutar hanta, ko tsufa. Jariri bai rayu ba tukuna balle ya tara wannan. Ƙarinsa ragowar ginin jiki ne tun yana cikin mahaifa: ƙwayoyin da ya kamata su nuna su zama ƙoda, ko hanta, ko jijiya, ko bangon cikin ido, sai suka tsaya a hanya suna ta ƙaruwa. Shi ya sa suke da saurin girma, shi ya sa kuma da yawansu suke jin magani fiye da na manya. Ina so iyaye mata su ji wannan da kyau, domin na ga yadda ake ɗora musu laifi: ba abincin da kika ci da ciki ba ne, ba nononki ba ne, ba fitar da kika yi da almuru ba ce.

Ki kuma riƙe wannan lissafi. A ƙasashen da ake ƙidayar masu cutar, daji yana kama kusan jariri 1 cikin 4,000 a shekararsa ta farko. Hemanjiyoma kuwa yana samun 4 zuwa 5 cikin 100, duk da cewa ya fi yawa a fararen fata. Idan aka ga ƙululu a fatar jariri, mafi rinjaye ba daji ba ne. Aikinmu shi ne kada ɗayan da ya fita daban ya wuce mu.

Hemanjiyoma

Yana da tarihi irin nasa, kuma tarihin ne ke tona shi fiye da kamanninsa. Ranar haihuwa babu shi, ko kuma akwai ɗan tabo mai haske da ba wanda ya kula da shi. Cikin makonnin farko sai ya ɓullo. Yana gudu sosai a wata na biyu da na uku, zuwa wata 5 yawanci ya gama mafi yawan girmansa. Daga nan ya tsaya, wajen shekara ɗaya launinsa ya fara dushewa daga tsakiya, ya yi laushi, ya dinga lotsawa a hankali har zuwa shekara 4 ko sama da haka. Sau da yawa yakan bar ɗan saura, fata mai tattara ko wani launi daban. Ya fi samun 'ya'ya mata, da bakwaini, da masu ƙarancin nauyi, da tagwaye. A baƙar fata ba lallai ya yi ja wur ba, yakan yi ja mai duhu. Wanda ke can ƙarƙashin fata kuma kumburi kawai za a gani mai shuɗi-shuɗi. Idan an danna shi a hankali yana lotsawa, yana da ɗumi, idan jariri ya yi kuka sai ya ƙara cika.

Mafi yawansu ba ma yi musu komai sai kallo. Amma kasancewar ƙari ba daji ba ne ba ya nufin ba ya ɓarna, kuma a nan ne maganar 'yarki ta shigo. Ƙwaƙwalwar jariri tana koyon gani ne a watannin farko. Idan ƙari ya rufe ido ko ya danne ƙwayar idon ya canza mata siffa, ƙwaƙwalwa sai ta yi watsi da wannan idon ta dogara da ɗayan. Bayan shekara uku ƙarin ya tafi, amma idon ya riga ya yi rauni, kuma gyara shi a lokacin yana da wuya. Haka wanda ke kan hanci ko leɓe ko kunne yana iya ɓata siffar wurin. Wanda ke haɓa da gaban wuya yakan zo da ɗan'uwansa a cikin maƙogwaro, don haka idan numfashin jariri ya fara ƙara ba a kwana da shi a gida. Wanda ke wurin da kunzugu ke gogawa yana saurin zama gyambo mai zafi. Idan kuma sun kai 5 ko fiye a jiki, muna duba hanta da sikanin, irin hoton da ake yi wa masu juna biyu, domin ta yiwu akwai wasu a can.

Maganin da muke amfani da shi yanzu an gano shi ne ba da niyya ba. A shekarar 2008 likitoci a birnin Bordo na ƙasar Faransa suka ba da rahoton wani jariri mai babban hemanjiyoma a hanci, wanda aka ba shi furofranolol, tsohon maganin zuciya da hawan jini, saboda matsalar zuciya da ta same shi. Kashegari ƙarin ya canza launi ya yi laushi. Tun daga nan ya zama maganin farko a duniya, kuma ana samunsa a nan da araha. Ana sha tsawon watanni, galibi har yaro ya kusa shekara. Ƙananan na saman fata kuma wani lokaci ana ɗiga musu wani magani mai suna timolol.

Amma don Allah kada wani ya karanta wannan ya nufi kemis. Maganin yana rage bugun zuciya, yana iya faɗar da sukarin jinin jariri, yana iya tayar da sarƙewar numfashi. Likita ne zai auna nauyinta, ya saurari zuciya da ƙirji, ya fara da kaɗan. Ana ba da shi tare da shan nono, ranar da yarinya ke amai ko ta ƙi nono ana dakatarwa. Tunda 'yarki bakwaini ce, za a lissafa watanninta daga ranar da ya kamata a haife ta, kuma ta yiwu a kwantar da ku kwana ɗaya ko biyu a fara a gaban ma'aikata. Ki je da katin haihuwarta da duk hotunan da kika ɗauka a waya tun abin yana ɗigo. Jerin hotunan nan sun fi dogon bayani amfani a wurinmu.

Sauran ƙululun da ke tayar da hankali

Da yawa daga abin da ake kawo mana da sunan ƙari ba ma ƙari ba ne. Jariri ɗan sati 2 zuwa 4 da aka ji masa ƙululu mai tauri a gefen wuya, kansa na karkata gefe guda, yawanci tsokar wuya ce ta dunƙule, kuma tana sakewa cikin watanni da motsa wuyan yadda ma'aikatan gashin ƙashi za su koya wa uwa. Kaluluwa a hammatar hagu bayan allurar BCG abu ne sananne, yawanci tana bajewa. Nonon jariri sabon haihuwa da ya kumbura, namiji ko mace, sinadarin jikin uwa ne bai gama fita ba. Matsa shi da ake yi shi ke jawo ƙurji. Akwai kumburi mai laushi cike da ruwa a wuya ko hammata wanda idan aka kara masa tocila a ɗaki mai duhu sai ya haskaka gaba ɗaya. Shi ma ba daji ba ne, amma yana bukatar asibiti domin yana iya danne hanyar numfashi.

Akwai wuri biyu da nake gargaɗi a kansu ko da abin ya yi kama da ba komai ba: tsakiyar kai daga karan hanci zuwa ƙeya, da tsakiyar gadon baya. Kumburi a wannan layi yana iya kasancewa a haɗe da ƙwaƙwalwa ko laka. Ba a huda shi, ba a matsa shi, mu kanmu ba ma kusantarsa da allura sai an ɗauki hoto.

Abin da nake nema idan an ɗora mini jariri

Kafin in taɓa, tambaya nake yi. Yaushe aka fara gani? An haife shi da shi a cike ne, ko daga baya ya fito? Yana tafiya ne a kan tsarin da na sani, ko kuwa ya wuce lokacin da ya kamata ya tsaya bai tsaya ba? Sannan hannu. Ƙululun da ke da tauri, ba ya lotsawa, yana can ƙarƙashin tsoka, ya manne ba ya motsi idan an tura shi, ba a jin inda gefensa ya ƙare, wannan ba na barin sa ya koma gida ba bincike. Bayan haka in duba yaron gaba ɗaya: ko ya yi fari, ko yana rama, ko zazzaɓi ya ƙi tafiya duk da an yi maganin maleriya, ko akwai tabon taruwar jini a fata ba tare da ya bugu ba, ko hanta da saifa sun kumbura, ko akwai kaluluwa mai tauri a saman ƙashin wuya.

Abu guda da iyaye suka fi dogara da shi shi ne ya fi yaudara, wato ciwo. "Ai ba ya masa zafi, likita, shi ya sa ba mu zo ba." Wannan magana ina jin ta kullum. Ƙurji ne ke zafi, ya yi ja, ya sa zazzaɓi, ya hana barci, kuma shi ne mai sauƙin magani. Dajin yara a farkonsa shiru yake, yaro na wasa yana shan nono.

Hannu da ido kuma suna da iyaka, ko na wane ƙwararre ne. Akwai dajin tsoka na jarirai da yakan fito a hannu ko ƙafa, ja, mai jijiyoyi, har ya riƙa zubar da jini, a ɗauka hemanjiyoma ne. Akwai wanda ke fitowa a kewayen ido ya turo idon waje cikin 'yan makonni. Akwai wani ƙarin jijiyoyi mai launin makuba, mai tauri, wanda ke cinye ƙwayoyin da ke daskarar da jini har jariri ya riƙa zubar jini. Don haka duk jan ƙarin da aka haifi yaro da shi a cike, ko yake da tauri, ko ya ci gaba da girma bayan wata 6 zuwa 9, ko aka ba shi furofranolol bai nuna alamar ji ba, sai a sake lale.

Waɗanda ke ɓoye

Ga abin da ya fi damuna a aikin nan. Ƙarin da ke kan fuska kowa na ganinsa, dangi na magana, ana zuwa da wuri. Masu kisan kuwa yawanci a ciki suke ko a cikin ido, inda ba mai dubawa.

A cikin ciki, wanda ya fi yawa a shekarar farko shi ne niyuroblastoma. Yana tsirowa daga wata 'yar halitta da ke zaune a kan ƙoda, ko daga jijiyoyin gefen ƙashin baya. Alamarsa ƙululu mai tauri a ciki, ko hanta ta kumbura ciki ya yi tulu, ko ƙananan ƙululai masu shuɗi a fata, ko kewayen idanu ya yi baƙi kamar an naushi yaro. Shi ne wanda na ce wani nau'insa yana watsewa da kansa, musamman a 'yan watannin farko. Ƙasar Jafan ta yi shekaru tana gwada fitsarin jarirai 'yan wata 6 domin kama shi da wuri, daga tsakiyar shekarun 1980 har ta daina a 2004, saboda an gane cewa yawancin waɗanda gwajin ke kamawa masu bajewa da kansu ne, kuma mace-macen ba su ragu ba. Sai dai wani nau'insa yana cikin mafi munin dajin yara, kuma ba a raba su da ido. Shekarun yaro, inda ya bazu, da abin da gwajin tsokar ya nuna su ne ke rabawa. Barin sa a zuba masa ido shawara ce da ƙwararru ke yankewa bayan bincike, suna bibiya da sikanin, ba abin da za a yi a gida ba.

Ƙululun ƙoda kuma shekaru ne ke ba da haske a kansa. A sabon haihuwa yawanci ƙoda ce ta kumbura da fitsari saboda toshewar hanya, ko kuma wani ƙari da cirewa kawai ke warkar da shi. Dajin ƙoda na yara, wanda ake kira da sunan likitan Jamus Wilms, ya fi yawa wajen shekara 3, duk da yana iya zuwa kafin nan. Na hanta yana zuwa ne kafin shekara 3. Mafi yawan waɗannan uwa ce ke fara gano su wurin wanka, hannu da sabulu ya bi ta ƙasan haƙarƙari ya ji abu mai tauri a gefe guda, ko ta lura wando ya daina shiga alhali hannaye da ƙafafu na ramewa. Idan kin ji haka kada ki yi ta latsawa, kada a ce saifa ce ko shawara a kama jiƙo. Sikanin ɗaya zai nuna.

Sai ido. Retinoblastoma daji ne na bangon cikin ido, yana samun kusan yaro 1 cikin 15,000 zuwa 20,000. Alamarsa ta farko wani fari ne da ke ƙyalli daga can cikin baƙin ido, irin na idon mage da dare, ana ganinsa da magariba ko a hoton waya da aka ɗauka da filasha, ido ɗaya ya fito ja ɗayan fari. Ba irin hakiya ba ce da ke kan ido daga waje. Alama ta biyu harara-garke da ta zauna ba ta tafiya bayan watannin farko. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 95 cikin 100 na waɗannan yara suna rayuwa, saboda ana kama shi yana cikin ido. A wurinmu da yawa sai ido ya fito waje ake zuwa, lokacin ya riga ya bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Farin da ke cikin ido yana iya zama yanar ido ce, amma ita ma aikin gaggawa take bukata a jariri, saboda haka ko wanne ne, likitan ido za a gani cikin kwanaki. Kusan kashi 40 cikin 100 na retinoblastoma irin wanda ake iya gada ne, musamman idan ya kama ido biyu, don haka ana duba ƙanne da yayye. Idan likita ya ce sai an cire idon, na san nauyin maganar a zuciyar iyaye. Amma na ga waɗanda suka gudu da yaro saboda ita suka dawo bayan watanni babu abin da za a iya yi, na kuma ga yara da idon roba suna zuwa makaranta.

Akwai kuma teratoma na ƙarshen ƙashin baya, ƙarin da ake haihuwar jariri da shi a tsakanin ɗuwawu, wani lokaci ya kai girman kansa. Ya fi yawa a mata. Ranar haihuwa kusan 9 cikin 10 ba daji ba ne. Amma a cikin waɗanda ba a kama ba sai bayan wata 2, kusan rabi ko fiye ana samun su sun zama daji. Shi ya sa ba ma yarda da "a bari ya yi ƙwari tukuna". Ana cire shi a kwanakin farko tare da ɗan ƙashin da ya tsiro daga jikinsa, a ci gaba da bibiya na wasu shekaru.

Gwaje-gwaje, da maganar allura

Sikanin muke farawa da shi. Ba ya ciwo, babu haskoki masu illa, ba a sa jariri barci, kuma yana amsa tambayoyi uku masu muhimmanci: ruwa ne a ciki ko tsoka, daga wace gaɓa ya fito, kuma yaya jini ke gudana a cikinsa. Gwajin jini yana nuna ƙarancin jini ko alamar dajin ɓargo. Akwai sinadarin da ake nema a fitsari domin niyuroblastoma, da wani a jini mai suna AFP domin dajin hanta da teratoma. Shi AFP yana da tarko: kowane sabon haihuwa nasa a sama yake sosai, yana sauka a hankali cikin watanni, saboda haka adadin da zai firgita likitan manya yana iya zama daidai ga ɗan sati uku. Hoton MRI ko CT yana zuwa ne idan ana son sanin iyakar ƙarin kafin aiki.

Hukunci na ƙarshe a mafi yawan lokuta sai an ɗebi ɗan yanki na ƙarin an duba a madubin likita. Ba kowane ake yi wa haka ba. Hemanjiyoma da tarihinsa ya fito fili ba ya bukata. Na cikin ido ba a huda shi sam, duba shi ake yi bayan an sa yaro barci. Na ƙoda ma sau da yawa hoto ya isa a fara magani.

Maganar maƙwabciyarki cewa daji ba ya son allura ba ita kaɗai ke faɗa ba, kuma na san inda ta samo asali. Ana riƙe yaro a gida wata shida ko takwas, a yi shafe-shafe, a yi hayaƙi, a yi sakiya. Sai abin ya ci jiki a kawo shi, a yi masa allura ko aiki, bayan sati biyu ya rasu. Abin da unguwa ta gani shi ne an yi allura ya mutu, watannin da suka wuce kafin nan ba mai lissafa su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara kusan 400,000 ke kamuwa da daji kowace shekara. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 suna warkewa, a ƙasashe da yawa irin namu ba su kai kashi 30 ba. Allura iri ɗaya ake yi a can da nan. Bambancin yana cikin lokacin da aka zo, da samun magani, da kammala shi. Tsadar magani da nisan hanya gaskiya ne, ba na raina su, kuma su ne ke sa iyalai da yawa su yanke magani a tsakiya bayan ƙarin ya fara raguwa, wanda hakan ke ba shi damar dawowa da ƙarfi.

Idan asibitin kusa ba su da tabbas, ku nemi takardar tura ku gaba. Asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato, Maiduguri da Jos suna da likitocin yara da masu duba tsoka. Na ido kuma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Idan har aka kai ga cire wani ƙari, komai ƙanƙantarsa, a tabbata an tura shi ɗakin gwaji. Na sha ganin an cire ƙululu a ƙaramin asibiti, aka ga kuɗin gwajin ya yi yawa ko aka ce ai kitse ne, aka jefar. Bayan watanni ya dawo, babu wanda ya san mene ne aka cire da farko, sai mu fara daga tushe a kan wurin da aka riga aka yanka. Ranar aikin ku tambaya ko an tura, ku karɓi lambar, ku koma ku karɓi sakamakon ko da ɗinkin ya warke yaron na dariya, sannan ku kai wa likitan da ya yi aikin ya karanta muku.